An Wanke wa Usta Rabiou Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe a unguwar Mardjandafak ya san Usta Rabiou mai gyaran rediyo, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Gidansa ne ke da doguwar gora a kan rufi, da wayoyi miƙe daga gorar zuwa bishiyar maƙwabta. Matan unguwa na cewa igiyar shanyar aljanu ce. Maza kuwa, da yake suna jin kunyar furfurarsa, sai dai su kaɗa kai su ce Allah ya ba kowa abin yi.

Kakansa mai fataucin goro ne da ya zo garin N'Djamena tun zamanin Faransawa, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, zuri'arsa ta bazu cikin atamfa da shinkafa da kayan gini. Rabiou ne kaɗai ya fita zakka. Tun yana saurayi ya fi son ƙamshin dalma a bakin ƙarfe mai zafi fiye da ƙamshin sabuwar atamfa, ya buɗe 'yar rumfar gyara, ya yi shekara da shekaru yana ta da rediyoyin da masu su suka fid da rai da su. Da wannan sana'a ya auri Hajjo, da ita ya raini 'yarsu Fadila. Yayyensa na kiransa Usta, wato gwanin sana'a, da wata irin murya da ba ta girmamawa ba ce, shi kuma ya amsa sunan har ya zama nasa.

Akwai abin da ya gani a gidansu yana yaro wanda bai taɓa barinsa ba. Mahaifinsa ya makance kafin ya tsufa sosai. Ranar da aka tabbatar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, yayyen Rabiou suka karɓi makullan rumfa. Ba su wulaƙanta shi ba, abinci na zuwa a kan lokaci. Sai dai a gabansa ake maganar kayansa, a tambayi juna ko tsoho ya ci, ko tsoho na son shayi, kamar kunnen ne ya mutu ba ido ba. Rabiou ya riƙe wannan a ciki, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Shi ba gyara kawai ya sani ba. Yana cikin tsirarun mutanen da ke magana da duniya ta gajeren zango don sha'awa kawai, masu lasisi da lambar kira. Wani Bature ma'aikacin agaji da ya zauna a unguwar Sabangali ne ya koya masa, ya raka shi ofis bayan ofis har takardar izini ta fito. To, masu irin wannan sha'awa ba su da yawa a Chadi, shi ya sa idan Rabiou ya buɗe baki bayan la'asar ya faɗi lambarsa, sai mutane daga Japan da Brazil da Jamus su yi ca a kansa, kowa na ƙoƙarin danne muryar wani don a ji shi. A can ana rububin gaisuwarsa. A nan kuwa, idan ya fito masallaci, mai shayin bakin layi ke tambayarsa ko aljanun sun kwana lafiya.

Tsohon akwatinsa mai fitilu a ciki ya mutu murus a wata shekara, babu kayan gyaransa ko a Kuseri, garin da ke hayin kogi a ƙetaren iyaka. Abokinsa Issaka, ɗan kasuwar Maraɗi mai shige da fice tsakanin Nijar da Chadi, shi ya shigo masa da wani ɗan akwati ta gadar Ngueli mai haɗa su da Kuseri, bai fi gwangwanin kifi girma ba.

"Wai wannan ne rediyo yanzu," in ji Issaka. "Mai shi ya ce hanjin duka ya koma cikin ordinater. Ni dai ban ga wurin murɗawa ba."

Gaskiya mai shi ya faɗa. Akwatin na ɗauko abin da eriya ta kama ne kawai ya miƙa wa kwamfuta ɗanye, sauran aikin duk na manhaja ne: ita ke zaɓar zango, ita ke tace hayaniya, ita ke mayar da shi murya, ta hannunta kuma tasa muryar ke bi ta fita. Rabiou ya samu tsohuwar kwamfutar cinya mai Windos, ya sa manhajar, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Dukan zangon ya bayyana a allo kamar ruwa mai launi yana gangarowa, kowane mai magana zare ne mai haske, sai ka nuna shi da kibiya ka ji shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana laluben tasha da kunne, yau ga tashoshin a gabansa yana kallo. Ya yi murna irin ta yara, har Hajjo ta ce ta yi kishiyar ƙarfe.

Murnar ba ta yi nisa ba. Da fari gefen allon ne ya soma ɓace masa, sai ya juya kai kafin ya ga kibiyar. Daga baya ya soma tuntuɓe da butar da ke gefensa. Ya ce wa Hajjo zai raka Issaka Kuseri ganin kaya, suka haye gada suka je wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma magani zai jinkirta tafiyarsa ne kawai.

A kan hanyar dawowa, cikin cunkoson babura da masu dakon kaya, Rabiou ya kama hannun Issaka.

"Wannan magana ta tsaya a kan gadar nan."

"Haba Usta, ko Hajjo?"

"Ko Hajjo. Na ga yadda ake yi da makaho a gidanmu."

Ya rufe rumfar gyara, ya ce ai ba mai kawo rediyo yanzu, kowa na da waya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abu ɗaya ya sa a gaba: kafin hasken ya ƙare, zai hora kwamfutar nan ta yadda makaho zai iya aiki da ita shi kaɗai. Idan ido ya tafi, ya zamana yana da ɗaki ɗaya a duniya da ba sai an ja masa hannu ba.

Nan ne ya zauna ya yi zaɓi. Windos bai yi masa laifin komai ba, akwai masu rediyo da yawa da ke jin daɗinsa. Amma manhajar da yake da ita a kai ta mai ido ce, komai sai ka nemi ɗan hoto ka nuna da kibiya, kuma kan tsaya lokaci lokaci a yi maka tambaya a rubuce ana jiran amsa. Wani abokin zango, tsoho daga Faransa, ya ba shi shawarar Linuks, inda ake iya ba da kowane umarni a rubuce, a adana shi, na'ura ta bi shi kullum ba tambaya. Rabiou ya hau kalando, babur ɗin haya, ya je wani shagon intanet a Sabangali ya sauko da shi, ana ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana kawowa, yana sake farawa. Na farkon da ya gwada mai ado ne da son sabunta kansa, ya yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi, murya na fitowa tana in'ina. Ya goge. Ya sa wanda ake kira Debiyan, wanda ba ya gaggawar canji, ya hana shi ma hotuna gaba ɗaya. Allo ya koma baƙi, farin rubutu kawai.

Wanda bai yi wannan aiki ba zai ɗauka zama ne kawai a gaban allo. Na'urar ta ƙi gane akwatin, ta ɗauke shi wani abu daban ta manna masa abin da ba nasa ba, sai da Rabiou ya gano layin da zai rubuta ya hana ta. Sauti ya riƙa yi masa wasan ɓuya, yau ya fito ta abin kunne, gobe ya nufi wata ƙofa da babu kowa, sai da ya ɗaure kowace ƙofa da sunanta. Zafin N'Djamena ma ya sa baki: idan akwatin ya ɗumama sai lissafinsa ya zame, tasha ta matsa gefe kaɗan. Ya bi tashoshin da ya san ba sa motsi, yana gwadawa safe da rana, rani da damina, har ya samu gwargwadon gyaran da ya dace da akwatinsa shi kaɗai. Ya rage faɗin zangon da na'urar ke haɗiya a lokaci guda don kada ta shaƙe. Ya kulle ƙofar sabuntawa don kada wata rana ta farka da sabon hali.

Sannan ya ba ta baki. Ya sa wata murya ta ƙarfe mai Faransancin hanci ta riƙa faɗin abin da ke faruwa: ta tashi, ta ga akwati, ga zangon da ake kai. Ya raba aiki a kan madannai, wannan hawa sama, wannan sauka, wannan canza zango, dogon na ƙasa kuma na magana. Don yatsa ya gane su, ya ɗauko ƙwayar gero ya manna da gam a kan kowanne mai muhimmanci. Hajjo ta leƙo ta gani.

"Malam, yanzu kuma abinci kake ba ta?"

"Ita ma baƙuwa ce a gidan nan," ya ce, bai juyo ba.

Ita Hajjo ba wawiya ba ce, ta lura yana laluben takalmi. Ta yi magana, ya ce tsufa ne, tabarau ne suka yi rauni. Ya san gidansa kamar bakinsa, masallaci kuma yana zuwa dafe da kafaɗar Issaka ko wani maƙwabci suna hira, kamar zumunci ne ya yi yawa. Ta bar maganar, don shi mutum ne da idan ya rufe baki ko da tabarya ba a buɗe shi.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Rubutun allo ya riƙa girma har layi ɗaya ya daina ɗaukar umarni guda. Ƙarshen aikin da gilashin masu gyaran agogo ya yi shi, hancinsa na goga allo, harafi bayan harafi, hawaye na zuba don yaji. Akwai kuskuren da ya ci masa mako, ashe ɗigo ne ya ɗauka waƙafi. Da ya gama, ya kwafe komai da komai a ɗan kile, wato ma'ajiyar da ake sokawa a gefen kwamfuta, ya sa a aljihun jakarta. Sai ya naɗe fuskarsa da rawani ya gwada. Ya danna, muryar ƙarfe ta yi magana, yatsunsa suka bi gero, ya faɗi lambarsa, wani mutum daga Italiya ya amsa yana ihun murna. Rabiou ya warware rawanin ya ga bambancin bai da yawa. Bai yi baƙin ciki ba ranar, ya riga idon isa.

Daga nan hasken ya tafi da sauri, kamar dama jira yake. Ya rage masa sanin rana da inuwa kawai. Amma kowace la'asar yana shiga ɗakinsa ya tura ƙofa, ya zama mutumin da duniya ke layi don ta gaishe shi. Wannan lokaci shi ne mafi daɗi a tsufansa, kuma ba wanda ya san haka a gidan.

Fadila ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Mijinta Junaid, mai shagon kayan waya, yaro ne mai ladabi har ya yi yawa. Idan ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya gaida surukinsa da murya ƙasa ƙasa ya tashi. Tunda aka ɗaura auren bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar Usta Rabiou ba, shi ma Usta bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan. Haka ake yi, kowa ya yaba. Ta haifi namiji, ranar suna Junaid ya sa wa yaron Rabiou. Tsoho ya ji abin har cikin ransa, ya sa albarka mai yawa.

Lokacin bazara ne, zafi na dafa mutum a tsaye. Fankar cikin kwamfutar ta soma kuka kamar injin niƙa, ana jin ta har tsakar gida. Junaid ya ji. Ya taɓa hango allon kuma ta ƙofa, baƙi ƙirin da rubutu na gudu, abin da a wurinsa alamar na'ura ce da ciwo ya cinye. Tausayi ya kama shi: surukinsa, mutum mai daraja, yana fama da mushe, shi kuwa ga shi a cikin sana'ar. Amma ta yaya suruki zai dubi surukinsa ya ce kayanka sun lalace? Sai ya faɗa wa Fadila. Fadila ta faɗa wa Hajjo. Hajjo ta ce ai kuwa da ya kyauta, kukan nan na hana jariri barci, amma kada a gaya wa Malam, zai ce a'a don kara. Magana ta bi baki uku, ba ta bi ta kunnen mai kaya ba.

Ranar da Issaka ya sake raka shi Kuseri, wai gaisuwar mutuwa, Junaid ya zo ya ɗauki jakar gaba ɗaya. A Kuseri likita ya haska fitila ya kashe, ya ce ba sai sun sake wahalar zuwa ba. Rabiou ya karɓi maganar ba tare da ya girgiza ba. Sun kwana a can wurin wani ɗan'uwan Issaka, washegari suka hayo gada, shi duk hankalinsa na kan la'asar.

Hajjo ta tare shi da fara'a tun daga tsakar gida.

"Malam, shiga ɗakinka ka ga abin arziki. Surukinka ya fid da kai kunya."

Ya shiga, ya zauna, ya kai hannu. Madannan sumul suke, har da santsin mai. Babu gero ko ɗaya. Ya danna maɓallin tashi, fanka ta juya shiru kamar numfashin jariri, sai wani ɗan kiɗa mai daɗi ya tashi. Ya jira muryar ƙarfe. Ya danna hawa, ya danna sauka, ya danna dogon na ƙasa, ba abin da ya amsa. Ya laluba aljihun jaka, ya samu kile, ya ce alhamdu lillahi a fili. Ya soka shi, ya kashe, ya kunna, ya danna abin da ya san ana dannawa don na'ura ta tashi daga kile. Ɗan kiɗan nan ya sake gaishe shi.

Washegari da hantsi Issaka ya kai shi kasuwa wurin mai gyaran da Junaid ya kai wa kwamfutar, wani matashi Alamin, mai rumfa cike da gawarwakin kwamfutoci. Alamin ya tashi ya ba su benci, yana murmushin wanda ya san ya yi aiki.

"Afe, Baba, lafiya lau? Ai Junaid ya ce a yi mata komai. Na canza fanka, na kankare dattin da ya manne a madannai, har hatsi na samu a kai, wallahi. Sannan na fomate ta, na sa mata Windos sabo."

"Ka fomate," in ji Rabiou.

"Na wanke ta tas. Ai mu duk wadda ta shigo rumfar nan sai mun wanke ta, kyauta ne, ba ma ƙara ko sisi. Taka ma babu komai a ciki, Baba, ko hoto ɗaya. Baƙin allo kawai."

"Kile fa?"

"Shi ma ya lalace. Ina soka shi na'ura ta ce ba ta san shi ba, sai an wanke. Na wanke, na cika maka shi da karatu da wa'azi, har bakinsa. Ita ma ordinater na zuba mata, da finafinan tarihi, kada ka yi kaɗaici."

Issaka ya tambaya ko akwai dabarar dawo da abin da aka goge. Alamin ya yi dariya ya ce da bai zuba komai a kai ba, wataƙila, amma yanzu kalas, ta ƙare, sabo ya hau kan tsoho. Sai ya ga fuskar tsohon, dariyar ta tsaya.

"Baba, akwai wani abu ne a ciki?"

"Babu," in ji Rabiou. "Sannu da aiki."

Abin haushin ke nan, babu wanda za a kama. Alamin ya yi abin da kowane mai gyara a layin ke yi, kuma da zuciya ɗaya. Da mugu ne ya yi masa wannan, da ya samu wanda zai tsine wa ya ji sanyi. A hanya Issaka ya yi ta magana.

"Usta, ka faɗa musu mana. Fadila ta yi lakwal, ta yi boko sosai, ta iya Faransanci. Kai ka riƙa faɗi tana bugawa."

"In faɗi me? Kana tsammani karatu ne na haddace? Layi nawa ne, fayil nawa ne, ni kaina ban sani ba. Kowanne sai da na gwada ya ƙi, na karanta abin da ta ce, na sake. Da ido aka yi shi, Issaka. Idona na zuba a ciki."

"To ka kira yaron ka nuna masa ɓarnar da ya yi."

"Surukina? Wanda ya sa wa ɗansa sunana? In ce masa me, ka yi mini alheri ka kashe ni?"

Issaka ya raka shi har ƙofar gida ya juya.

La'asar ta yi, ta wuce. Rabiou na zaune a ɗakinsa, akwatin rediyon na gefensa da wayar eriya a jiki, lafiyarsa ƙalau, ba shi da wanda zai yi wa magana. Ya san a daidai wannan lokaci akwai mutane a ƙasashe masu nisa da suka juya eriyarsu wajen Chadi suna saurare. Za su yi kwanaki suna gwadawa, wani ya tambayi wani, daga baya su ɗauka ya mutu, don haka ake ɗauka idan tsoho ya yi shiru a zango. Shayin da Hajjo ta kawo ya huce a gefensa bai taɓa shi ba. Ita kuma ta ɗauka gajiyar tafiya ce.

Kafin magariba ya ji sallamar Junaid, ya ji an tuɓe takalmi, ya ji an tsuguna a bakin ƙofa. Fadila ta shigo da ƙamshin wankan jego a jikinta, ta durƙusa kusa da mahaifinta.

"Baba, wai akwai abin da ya sa maka a fuskar allon, yana jin kunyar faɗa. Hoton takwaranka ne na ranar suna. Bari in buɗe maka."

Ta buɗe, ɗan kiɗan ya tashi, ta ajiye kwamfutar a gabansa. Sai aka shiga gaisuwa, irin ta suruki da suruki, wadda ba a gajarta ta. An kwana lafiya, ya gajiya, ya zafi, ya kasuwa, ya mutanen gida, ya aka baro masu makoki a Kuseri, Allah ya jiƙan musulmi. Junaid ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, Rabiou na amsawa. Aka kai ƙarshe, aka sake sabuwar gaisuwa. Can Junaid ya yi gyaran murya, kansa na ƙasa.

"Baba, ɗan abin da aka yi, a yi haƙuri, ba yawa. Ban sani ba ko hoton ya fito da kyau."

Rabiou ya tattaro abin da ya rage masa na ƙarfi. Kaka ba ya yabon jika, tsokanarsa yake yi, wannan kam ya iya. Ya sunkuya wajen inda ya san allon yake, ya ƙura ido, har da ɗan murmushi.

"Kai, wannan ne aka ba sunana? Dubi goshi kamar na ɗan dambe. Hancin nan kuma ba namu ba ne, can gidanku aka samo shi. Ga shi ya wani zuba mini ido, to ka sani Hajjo tawa ce, ba ka isa ba."

Junaid ya yi dariya a hankali, dariyar wanda aka karɓi kyautarsa. Fadila ba ta yi ba. Allon ya daɗe da kashe kansa tun ana tsakiyar gaisuwa, tana shirin taɓa shi ya farka ke nan mahaifinta ya soma magana. Baƙi ne wuluk, ba komai a cikinsa sai inuwar fuskar tsohon.

Rabiou ya ji shirunta, bai san dalili ba. Sai ya ji wata 'yar iska a fuskarsa, da ƙamshin lalle, ta wuce dama, ta dawo hagu. Ya gane hannunta ne. Ya so ya ƙifta, amma ya makara.

"Baba," ta ce, muryar ta karye a tsakiya.

Junaid bai ga komai ba, idonsa na kan tabarma, yana jiran abin da ya kawo shi. Usta Rabiou ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

"Yaro, ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Baba, amin," in ji Junaid, har da shafa fuska.